Sewanee a 1899: tambayoyi da amsoshi kan ƙaramar makarantar da ta buga wasa biyar cikin kwana shida

Duk wanda ya leƙa tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka sai ya ci karo da sunan Sewanee, kuma kusan kullum da shekara guda manne da sunan, wato 1899. Makaranta ce ƙarama a kan dutse, wadda a yau ko a jiharta ba kowa ke bin wasanninta ba. Ga abin da aka fi tambaya game da waccan kakar wasa.

Wace irin ƙwallo ake magana a kai?

Ba tamaular da muka saba kallo ba ce. Ƙwallon Amurka ce, ƙanwar zari-ruga, wadda ake rungumewa a ƙirji a ruga da ita, abokan hamayya kuma su yi ƙoƙarin kayar da mai riƙe da ita. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A jami'o'i wasan ya tashi, ba a ƙungiyoyin gari ba: wasan da ake lissafawa a matsayin na farko shi ne na Rutgers da Princeton a 1869. Shi ya sa har gobe ƙungiyar makaranta a Amurka take da irin magoya bayan da a wasu ƙasashe sai babbar ƙungiyar birni ke da su.

Ina ne Sewanee?

Wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Tennessee, a kan tudun Cumberland, tsakanin Nashville da Chattanooga. Sunan makarantar a takarda Jami'ar Kudu, amma sunan garin ne ya bi ta. Limaman cocin Episcopal na jihohin kudu ne suka kafa ta a 1857, yaƙin basasar Amurka ya tsayar da aikin, ba a fara karatu ba sai 1868. A shekarar da muke magana ɗalibanta 300 ne da 'yan kai, dukansu maza. Ta fara ƙwallo a 1891. Ana yi wa ƙungiyar laƙabi da Damisa, kayanta kuma ruwan shunayya ne.

Me suka yi a 1899 da har yanzu ake maganarsa?

Sun buga wasa 12, sun ci 12. Sun tara maki 322, an ci su 10 kacal, kuma duk goman nan a wasa ɗaya aka ci su. A sauran wasanni 11 babu wanda ya samu ko maki guda a kansu.

Sun buɗe kakar a Atlanta ranar 21 ga Oktoba, suka doke Georgia 12 da nema, bayan kwana biyu suka yi wa Georgia Tech 32 da nema a garin dai. Suka koma gida suka lallasa Tennessee da 46, Southwestern Presbyterian da 54. Daga nan sai doguwar tafiyar da ta sa sunansu ya tsaya a tarihi. Da suka dawo suka zuba wa Jami'ar Cumberland 71, suka sha da ƙyar a hannun Auburn 11 da 10, sannan suka rufe da North Carolina 5 da nema ranar 2 ga Disamba.

Yaya tafiyar ta kasance?

Jirgin ƙasa suka hau, a taragon kwana da aka yi musu shata, suka yi tafiyar da ake ƙiyasta ta kai mil 2,500, kusan kilomita 4,000 ke nan, zuwa da dawowa.

Alhamis 9 ga Nuwamba suna Austin, suka doke Jami'ar Texas 12 da nema. Suka kwana a jirgi, Juma'a suka wayi gari a Houston suka ci Texas A&M 10 da nema. Suka sake hawa jirgi, suka ratsa fiye da kilomita 500 cikin dare, Asabar suka shiga New Orleans suka ba Tulane kashi 23 da nema. Lahadi babu wasa, domin makarantar coci ce, kuma a jihohin kudu na Amurka a wancan zamani ba a wasa ranar Lahadi. Sun ɗan zaga wata gonar rake a ranar. Litinin 13 ga wata a Baton Rouge suka ci Jami'ar Jihar Louisiana 34 da nema. Talata 14 ga wata a Memphis suka gama da Jami'ar Mississippi 12 da nema.

In ka haɗa, maki 91 ke nan, ba a ci su ko ɗaya ba. Daga nan laƙabin Mazajen Ƙarfe ya samo asali. Akwai wata magana da masoyansu ke maimaitawa, wai a rana ta bakwai sai suka huta, suna kwaikwayon labarin halitta na littafin Kirista. Maganar tana da daɗin faɗa, amma kalanda ta nuna hutunsu na farko a rana ta huɗu ya faɗo.

Wa ya tsara wannan aiki, kuma me ya kai shi?

Wani ɗalibi ne mai shekara 20, Luke Lea, manajan ƙungiyar. A lokacin babu ofishin wasanni mai ma'aikata da kasafin kuɗi. Ɗalibi ne ke rubuta wasiƙu, ya nemo abokan karawa, ya yi cinikin kason da za a ba baƙi daga kuɗin ƙofa, ya biya jirgi da masauki. In lissafi bai fita ba, shi za a tambaya.

Sewanee kuma tana da matsalar da ba ta da magani a gida: kan dutse take, ba jama'a, ba masu sayen tikiti. Abin da ke riƙe da ita duk shekara shi ne wasanta da Vanderbilt, babbar abokiyar hamayyarta da ke Nashville, inda birni ke cika fili. A 1899 makarantun biyu suka saɓa kan yadda za a raba kuɗin ƙofa, wasan ya rushe. Giɓin nan ne Lea ya shiga neman cikewa. Zuwa Texas don wasa ɗaya asara ce, kuɗin jirgi kaɗai zai cinye abin da aka samu. Amma in an riga an biya tarago, kowane wasa da aka ƙara a hanya riba ce. Da wannan lissafi wasa ɗaya ya zama biyar.

Ko wuraren wasan ma suna nuna haka. Texas A&M tana College Station, amma a Houston aka buga. Jami'ar Mississippi tana Oxford, amma a Memphis aka haɗu. Inda mutane suke aka bi, kuma inda layin dogo ya ratsa. A ganina wannan shi ne gaskiyar labarin da ake yawan rufewa da kirarin jarumta: ba neman suna ne ya fitar da su ba, kuɗi ne masu gidan rana, sai kuma ƙarfin halin yaron da bai san abin da ake ce wa ba zai yiwu ba. Da dattijo ne ke riƙe da littafin kuɗin, da wuya ya sa hannu a kan wannan jadawali.

Me ya sa makin ya yi kama da baƙo, kamar 5 da nema ko 11 da 10?

Lissafin lokacin daban yake da na yau. Kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan hamayya, abin da suke kira tacdawun, maki 5 ne a 1899, ba 6 ba. Bugun da ke biyo bayansa maki 1 ne. Buga ƙwallo ta tsakanin sanduna daga cikin fili shi ma maki 5 ne, daidai da tacdawun. Saboda haka 12 da nema na nufin an kai sau biyu, an kuma ci bugun duka biyun. Wasan North Carolina kuwa bugu ɗaya ne daga ƙafar Rex Kilpatrick ya raba gardama.

To yaya wasan kansa yake a lokacin?

Wanda ya san ƙwallon Amurka ta yau da jifa mai nisa ba zai gane ta 1899 ba. Jefa ƙwallo gaba haramun ne, sai a 1906 aka halatta. Tsawon fili yadi 110 ne. Ana ba ka dama uku ka ci yadi biyar, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Tunda ba jifa, kowa ya san inda za a bi: tsakiya. Mutane su dunƙule wuri guda, a tura mai ƙwallo daga baya, a ja shi daga gaba, ɗaya ɓangaren kuma su afka masa. Rabin wasan kokawa ce ta taron dangi, cikin ƙura ko taɓo.

Hular kariya ba dole ba ce, sai a 1939 aka wajabta ta a jami'o'i. Da yawa gashi kawai suke tarawa ya zama musu matashi. Mutane na mutuwa a wannan wasa. A 1905 kaɗai an ƙirga aƙalla mutum 18, kuma a shekarar ce shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton ya ce a gyara. Sewanee ta yi tafiyarta shekara shida kafin wannan gyara.

Mutum nawa suka tafi? Ba canji ake yi musu ba?

Ayarin bai wuce mutum ashirin da 'yan kai ba. Canjin kuma ba irin na yau ba ne, inda ake da rukunin masu kai hari daban, na tsaron gida daban, na bugu daban, kowa ya shiga ya fita yadda koci ya ga dama. A lokacin mutum ɗaya ke kai hari ya kuma tsare gida, daga busan farko har na ƙarshe. Wanda aka cire ba ya komawa a wannan wasan. Don haka fita abin kunya ne, sai in ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita.

Ta yaya jikinsu ya ɗauka?

Abu biyu ake ambata. Na farko ruwa: sun yi guzurin ruwan marmaron Sewanee a ganga, don kada baƙon ruwa ya ɓata musu ciki. A zamanin da ruwan birane ke ɗauke da cututtuka, wannan ba camfi ba ne, hankali ne. Na biyu tausa: Cal Burrows, wani baƙar fata da ke kula da lafiyar 'yan wasan, shi ke bin su yana murza musu jiki a cikin tarago da dare, jirgi na tafiya, don gaɓoɓi su saki kafin wasan gobe.

Ba kuma lafiya lau suka gama ba. A wasan farko ma, na Texas, kyaftin Henry Seibels ya samu tsaga a goshi, aka liƙe wurin ya ci gaba da wasa. Ormond Simkins, ɗaya daga ginshiƙan ƙungiyar, daga baya sai da aka yanke masa ƙafa, kuma ana danganta hakan da raunukan da ya kwasa a ƙwallo. Ya rasu a 1921. In ana kirarin Mazajen Ƙarfe, ya kamata a riƙa tunawa da shi, domin jikin nan tsoka ce da ƙashi.

Su waye fitattun ƙungiyar?

Seibels, wanda ake kira Diddy, shi ne kyaftin kuma babban mai rugawa da ƙwallo. An sa shi a zauren karrama gwanayen ƙwallon jami'o'i na Amurka a 1973. Simkins na bugu da tare hanya, Kilpatrick na gudu da bugu, William Wilson da ake kira Warbler shi ke tsara hari daga bayan layi. A sahun gaba akwai William Claiborne, mai laƙabin Wild Bill, wanda idonsa ɗaya ya lalace. Ana ba da labarin yakan nuna wa na gabansa idon don ya karya masa zuciya tun kafin a fara. Kocinsu Billy Suter ne, wanda ya yi ƙwallo a Princeton, ya zo musu da ilimin wasa na gabashin ƙasar, inda abin ya fi ci gaba.

Me ya faru a wasan Auburn?

Shi ne wasan da ya kusa ɓata musu lissafi. An buga shi a Montgomery ta jihar Alabama ranar 30 ga Nuwamba, ranar bikin godiya na Amurkawa. Kocin Auburn shi ne John Heisman, wanda yau kyautar gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i ke ɗauke da sunansa. Yaransa ba su kai na Sewanee jiki ba, sai ya koya musu sauri: da an kayar da mai ƙwallo su jeru nan take su sake kai hari, kafin ɗaya ɓangaren ya ja numfashi. Da haka suka yi abin da ƙungiyoyi goma suka kasa, suka ci Sewanee maki.

Wasan ya yi ta tsayawa saboda gardama da 'yan kallo da ke kutsowa fili, har duhu ya shiga, alƙalin wasa ya tsayar da shi Sewanee na gaba da maki guda, wato darajar bugu ɗaya. Heisman bai haɗiye ba. Ya rubuta wa jarida yana ƙorafin alƙalanci, alƙalin ma ya mayar masa da martani. Mai son gaskiya dole ya yarda cewa wasa 12 ba faɗuwa ya rataya ne a kan wannan yammacin, kuma da rana ta ƙara jimawa kaɗan ba wanda ya san yadda za a tashi.

Ta yaya makaranta mai ɗalibai 300 ta fi manyan jami'o'in jihohi?

Da farko, manyan ba su girma ba tukuna. Texas da Tulane da Louisiana da Mississippi duk a 1893 suka fara ƙwallo, Texas A&M a 1894. Sewanee ta riga su da shekara biyu zuwa uku. Ba a fara zawarcin 'yan wasa da tallafin karatu irin na yau ba, ba kuɗin talabijin, ba filayen da ke cin mutum dubu ɗari. Kowa da ɗaliban da Allah Ya kawo masa yake wasa, kuma mutum 11 ake bukata, ba dubu 11 ba.

Sai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: kalandar karatu. Saboda sanyin kan dutse, Sewanee a hunturu take dogon hutunta, a yi karatu da bazara. Lokacin da ɗaliban sauran makarantu ke gidajen iyayensu, na Sewanee suna tare suna atisaye. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ƙara da cewa garin babu abin da zai ɗauke wa saurayi hankali, ga koci da ya san aikinsa, sai a ga abin bai kai sihiri ba.

Su ne zakarun Amurka a shekarar?

A'a. Zakarun kudu ne, su suka ɗauki kambun ƙungiyar wasannin jami'o'in kudu ta lokacin. Masu waiwayen tarihi Harvard da Princeton suke ba kambun ƙasa na 1899, kuma da dalili: ƙwallon gabas ta yi wa ta kudu nisa, Sewanee kuma ba ta kara da ko ɗaya daga cikin manyan gabas ba. A 2012 zauren karrama gwanaye ya shirya ƙuri'ar masoya kan fitattun ƙungiyoyin tarihi, Sewanee ta 1899 ta zo kan gaba. Wannan ƙuri'ar ƙauna ce, ba awon ƙarfi ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne juriyar.

Akwai baƙaƙen fata a cikin 'yan wasan?

Babu ko ɗaya, haka ma a duk ƙungiyoyin da suka kara da su. Jihohin kudu na Amurka suna ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata a lokacin. Makarantar kanta tana da tarihi mai nauyi a nan: cikin waɗanda suka kafa ta akwai masu bayi, kuma jagoransu, Bishop Leonidas Polk, ya zama janar a rundunar kudu a yaƙin basasa. Baƙar fata na iya shiga taragon ya yi aikin da ya sa ƙafafun 'yan wasa suka tashi kowace safiya, kamar yadda Burrows ya yi, amma ba zai sa rigar ƙungiyar ba, ba kuma zai zauna a ajin makarantar ba.

Ina Luke Lea ya ƙare?

Halinsa bai canza ba, fagen ne ya faɗaɗa. Ya zama lauya, ya kafa jaridar Tennessean a Nashville a 1907, aka zaɓe shi sanata a 1911 yana da shekara 31. A yaƙin duniya na farko ya jagoranci rundunar manyan bindigogi. A Janairun 1919, bayan an gama yaƙi, ya kwashi wasu sojojinsa suka tsallaka Holan zuwa Amerongen, inda Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ke gudun hijira, da niyyar kamo shi a kai shi gaban shari'a. Ba wanda ya aike shi. Sun kai har cikin gidan, amma ba su fito da sarkin ba. Daga baya durƙushewar wani banki ta kai shi kurkuku a North Carolina a shekarun 1930, kafin a yi masa afuwa. Wanda ya karanta wannan ba zai ƙara mamakin wasa biyar cikin kwana shida ba.

Me ya faru da ƙwallon Sewanee bayan haka?

Ta ci gaba da zama abin tsoro a kudu na wasu shekaru, har ta shiga cikin makarantu 13 da suka kafa gasar kudu maso gabas, SEC, a ƙarshen 1932. Amma zamani ya riga ya juya. Jami'o'in jihohi sun kumbura, sun gina manyan filaye, suna ɗauko gwanaye daga ko'ina. Cikin kaka takwas Sewanee ta buga wasan gasar 37, ba ta ci ko ɗaya ba. Ta fice a 1940.

Yau tana rukuni na uku na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu don wasa, ɗalibanta kuma ba su kai 2,000 ba. Bakwai daga cikin waɗanda ta doke a 1899, wato Georgia, Tennessee, Auburn, Louisiana, Mississippi, Texas da Texas A&M, suna cikin SEC yanzu. Huɗu daga cikinsu filin kowace na ɗaukar fiye da mutum 100,000.

Wata ƙungiya za ta iya maimaita wannan tafiya?

Ba don 'yan wasan yau sun fi rauni ba, amma a'a. Sun ma fi na da girma da gudu nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa karon nasu ya fi muni, jiki ke bukatar kwanaki kafin ya warware. Ana buga wasa ɗaya ne a mako, galibi ranar Asabar. Babu likita ko shugaban makaranta da zai sa hannu a kan wasa uku a jere, balle biyar, kuma jadawalin ba ya hannun ɗalibi ɗan shekara 20 da ke neman cike giɓin asusu. A rukunin da Sewanee take yanzu, wasa goma ne iyakar kaka kafin zagayen fitar da gwani, a baje cikin wata biyu da rabi. Rabin wannan adadi suka buga tsakanin wata Alhamis da Talatar da ta biyo ta.